A Kano Duk Mai Farar Riga Likita Ne

Makon jiya Hajiyarmu ta kira ni ta WhatsApp tana ba ni labarin jikin Gwaggo. Ta ce zazzaɓi ne ya kayar da ita, amma alhamdulillahi likita ya zo har ɗaki ya sa mata ruwa leda biyu, ya yi mata allura uku. Na ce, "Hajiya, wane likitan?" Ta ce yaron nan mai kemis na bakin layi. Na san shi sarai. A gaban idona ya fara zaman shago wajen maigidansa a Sabon Gari, yana ƙirga katan-katan na magani. Yau shi ke rataya wa mutane ledar ruwa a ƙusar da ake rataya labule.

Shekara shida ke nan ina aikin jinya a Manchesta. A nan kafin ka taɓa majiyyaci sai sunanka yana cikin rajistar NMC, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, kuma duk shekara uku sai ka kawo shaidar ka yi aiki awa 450 da ƙarin karatu na awa 35, in ba haka ba lambarka ta mutu. Likitoci kuwa hukumarsu ta GMC ce ke sake tantance su duk shekara biyar tun 2012. Abin da ya fi burge ni shi ne rajistar a buɗe take a intanet. Tsohuwa tana kwance a gado jikanta zai ɗauki waya ya rubuta sunan likitan, ya ga ko an taɓa dakatar da shi, da laifin da ya yi.

Kada a ɗauka su ma mala'iku ne. A Hyde, nan kusa da mu, wani likita mai suna Harold Shipman ya yi shekaru yana kashe majiyyatansa da allura, da lasisinsa a hannu, har sai 2000 aka same shi da laifin kisan mutum 15. Binciken da ya biyo baya ya gano sun haura 200. Wannan abin kunya na cikin abubuwan da suka tilasta musu gyara.

Mu ba doka ce ta yi mana kaɗan ba. Akwai MDCN mai ba likitoci lasisin da ake sabuntawa duk shekara, akwai majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai PCN mai kula da masu sayar da magani, ga jihar Kano da hukumarta ta PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi. Lasisin mai kemis ma ya fayyace: ya sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, babu allura, babu ƙarin ruwa. Matsalarmu sai gawa ta faɗi ake tashi. A kai samame da 'yan jarida, a garƙame shago da kwado, a ɗauki hoto. Bayan wata biyu mutumin ya koma wata unguwar, ya sauya fentin allo, ya ci gaba. Wanda aka kama jiya a Kurna, wa zai gane shi gobe a Hotoro?

Na san in an ga dama ana iyawa. An yi shekara da shekaru ana jan ƙafa kan tashin kasuwar magani ta Sabon Gari, amma a 2024 NAFDAC da PCN sun rufe shaguna, aka tura 'yan kasuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Wancan aikin lokaci ɗaya ne da motocin jami'an tsaro. Bin diddigin mutum ɗaya-ɗaya, shekara bayan shekara, shi ne ba mai yi, don ba ya fitowa a talabijin.

Kuma ban isa in zagi Hajiya ba. Da na fara faɗa sai ta ce, "To ke da kika iya ai kin tafi kin bar mu. Ko so kike in kai ta Asibitin Murtala mu wuni a layi?" Na yi shiru, don irina muna da yawa a nan, kuma gurbin da muka bari ne yaron ya cike. Na dai roƙe ta ta ɗauko min hoton kwalaben da ya fasa. Ta ce ya tafi da su a aljihunsa.