Ma'aikatan asibiti, ku tambayi marasa lafiya maganin da suke sha a gida!

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya samu Goggo. Waɗanda suka zo dubiya sun gani da idonsu. Kwana 4 tana kwance, jini leda 2 aka ƙara mata, duk saboda ba wanda ya tambaye ta wane magani take sha a gida.

Wata 3 Goggo na haɗiyar diclofenac safe da yamma saboda ciwon gwiwa, yaron kemis ke ƙulla mata a leda. Da muka kai ta asibiti da ciwon baya, aka rubuta mata ibuprofen aka sallame mu. Danginsu ɗaya, duka biyun suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, ga ta da hawan jini. Sati bai cika ba bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, alamar jini na zuba a cikinta.

Kada wani ya zo min da zancen layi ya yi tsawo, likitoci sun yi kaɗan. Na sani, wallahi ina tausaya musu. Amma minti nawa tambayar za ta ci? Ku tambaya! In likita ba shi da sukuni, ina nas, ina mai ba da magani?

Kuma a iya tambayar. Ka ce wa tsohuwa "kina shan magani?" za ta ce a'a, don a wurinta magani shi ne wanda likita ya rubuta. Sai ka bi ta ɗaya bayan ɗaya: Mama, na kemis fa? Jiƙo fa? Na basir fa? Akwai wanda ya taɓa sa miki ƙaiƙayi ko kumburi, irin Septrin? Yarinyar da ke shan dexamethasone don ta yi ƙiba ba za ta faɗa ba sai an lallaɓa ta, alhali yana tayar da suga, kuma yanke shi lokaci guda haɗari ne. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Ta ina za a gano in ba a tambaya ba?

Mu ma 'yan jinya, don Allah mu riƙa tattaro ledar magungunan gaba ɗaya, har kwalin da ya ƙare, mu zube a gaban likita.

Su kuma masu yawo da lasifika a kan mota ranar kasuwa, kwalba ɗaya wai tana maganin taifot da sanyi da suga, ina NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, take? Jiya ma ɗaya ya yi fakin a ƙofar masallacinmu tun la'asar har magariba.