Wai an jefa notis a manhaja, shi ke nan an sanar da kai?

Wata biyu da soke inshorar lafiyar ƙanwata ba ta sani ba, sai da ta je karɓar magani aka ce mata babu sunanta. Da ta kira kamfanin wai ai sun sanar da ita a rubuce, notis ɗin yana cikin manhajarsu, can wani lungu da sai ka danna wuri uku kafin ka kai, kuma tunda an rufe asusun yanzu ko shiga ba ta iya yi balle ta ga me aka rubuta. Wannan salon da kamfanoni suka ɗauko na jefa sanarwa a manhaja su kaɗe hannu shi ne yake ci min tuwo a ƙwarya.

Ni ban ce sai takarda da hatimi ba, an wuce wurin. Tun 1996 hukumar UNCITRAL ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da samfurin doka kan kasuwanci ta intanet wanda ƙasashe da yawa suka kwafa, sashe na 6 ya ce in doka ta buƙaci abu a rubuce to saƙon na'ura ya wadatar. Amma fa da sharaɗi, sai in mutum zai iya buɗe saƙon ya kuma koma masa daga baya in buƙata ta taso. Lauyoyin kamfani rabin farko suke haddacewa, sharaɗin kuma su yi kamar ba su gani ba. To notis ɗin da ke ɓacewa ranar da aka rufe maka asusu ta ina za ka koma masa? Me za ka nuna wa alƙali?

Masu cewa ai ta danna "na amince" ranar da ta yi rajista, sun san sarai ba mai karanta wannan dogon rubutun, su ma ba sa karantawa.

Ko Amurka da ake ganin ta sakar wa 'yan kasuwa mara, dokarta ta 2000 kan sa hannu da takardun na'ura, wato ESIGN, ba ta bar abin sakaka ba. Kafin a daina ba kwastoma takarda sai an faɗa masa yana da haƙƙin karɓar takardar, da yadda zai janye amincewarsa, da irin na'urar da zai buƙata, sannan ya amince ta hanyar da ke nuna lallai yana iya buɗe irin saƙon da za a riƙa turo masa. Kiran waya ko muryar da aka naɗa ba sa zama rubutu. Sannan akwai sanarwar da dokar ta cire gaba ɗaya daga wannan sauƙin, irin su yanke ruwa ko wuta, korar mutum daga gidan da yake zaune ko ƙwace shi saboda bashi, soke inshorar lafiya ko ta rai, da janye kayan da ke da haɗari daga kasuwa. Sun gane cewa akwai labarin da in ya wuce ka, rayuwarka ce za ta dagule, ba wai rangwamen kaya ka rasa ba.

Haba jama'a, kamfanin da ya san yadda zai same ka ta tes da imel da kira sau biyar in yana bin ka kuɗi, ranar da zai yanke maka haƙƙi ne hanya ɗaya tak ta rage masa? Kotuna su daina karɓar "mun tura" a matsayin hujja, kamfani ya kawo shaidar inda ya tura da kuma cewa mutumin zai iya sauke kwafi ya ajiye a wayarsa. Manyan sanarwa kuma a haɗa da takarda, ko nawa za ta ci musu.