Kyamarar lafiyarta ƙalau, wayar ce matsala

Makon jiya wani maigidana mai shagon kayan masarufi ya kira ni ransa a ɓace. Kyamarorin tsaro huɗu aka sa masa, amma da magariba ta yi sai biyu na bayan sito su fara ɗaukewa suna dawowa. Ya ce, "Malam, ni fa an cuce ni, kyamarar banza aka kawo min." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri in zo in gani tukuna."

Irin tsarin nan ne da ake kira PoE. Wayar intanet guda ɗaya, mai silili takwas a ciki, ita ke ɗauko hoto, ita ce kuma ke kai wa kyamara wuta, babu buƙatar soket a saman katanga. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa ƙa'idarsa tun 2003 da wutar wat 15.4 a kowace kafar da ake cusa waya, a 2009 aka kai shi wat 30, a 2018 har wat 90. Ni a ganina mu ne muka fi kowa cin moriyarsa. Ka ɗora suwic ɗin, wato akwatin da wayoyin kyamarorin ke haɗuwa suna samun wuta, a kan inbata, NEPA ta ɗauke wuta ko ta kwana uku ba ta dawo ba, kyamara da na'urar wayfai suna nan suna aiki.

Amma fa wutar nan cikin siririyar waya take bi, kuma a nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Kasuwa cike take da kebul da aka rubuta wa Cat6 (sunan wani ajin wayar intanet mai inganci) a jikin kwali, alhali cikinsa alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla. Alminiyam ba ya kai wuta kamar tagulla, saboda haka in waya ta yi tsawo, wuta sai ta ragu kafin ta isa. Da rana ba za ka gane ba. Da duhu ya shiga kyamara ta kunna fitilunta na ganin dare, sai ta nemi ƙarin wuta, ta rasa, ta mutu, ta sake tashi. Mita 100 da ake cewa kebul na kaiwa, da tagulla zalla aka yi lissafin.

Gane shi ba wuya. Ka feɗe silili ɗaya, ka kankare shi da reza. In fari ya bayyana, to an gama magana.

Masu sa kyamara, don Allah ku riƙa faɗa wa mutane gaskiya. Wani don ya karɓi aikin sai ya rage kuɗin waya, tunda mai gida ba ya ganin abin da aka binne a bango.

Na kankare wa Alhaji wayarsa a gabansa. Ya daɗe yana kallon farin nan, sannan ya ɗauko wayar salularsa ya fara laluben lambar yaron da ya yi masa aikin.