Dattijo a tsaye, samari a zaune

Jiya da la'asar na shiga motar BRT, babbar bas ɗin haya ta nan Legas, a Mile 12 zan sauka Fadeyi, ni ma a tsaye nake don babu wuri. Muna isa Ketu sai ga wani dattijo ya shigo, gemu fari fat, yana dogara sanda, hannu guda riƙe da ledar magani. A gabansa samari uku ne zaune, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, Hausa suke yi. Yaranmu ne. Kowa ya dunƙufar da kai a waya, ko kallo bai ishe su ba.

Wanda ya san cunkoson Ojota ya san abin da nake nufi. Direba ya taka burki, Baba ya yi taga-taga, ya sake takawa, Baba ya damƙi ƙarfe hannunsa na rawa. Wallahi har na ji ƙwalla ta taru mini.

Na ce wa na kusa da ni, "Samari, ba za ka tashi Baba ya zauna ba?" Sai ya ce ai shi ma kuɗinsa ya biya. Kuɗi! A gida, wane yaro ne zai miƙe ƙafa a tabarma kakansa na tsaye? Zuwa Legas ne ya cire mana kunya?

Wata Bayarabiya mai goyo ce ta tashi ta ba shi kujerarta. Baba ya yi ta sa mata albarka har muka wuce Maryland.