Otis Ferguson, mai sharhin da ya kalli fim da kunnen makaɗi

Cikin masu sharhin fina-finai da Amurka ta yi a ƙarni na 20, babu wanda nake yawan komawa ga rubutunsa kamar Otis Ferguson, wanda ya yi aiki da mujallar The New Republic daga tsakiyar shekarun 1930 har zuwa lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Ayyuka biyu ya riƙe a can, sharhin fim da sharhin kiɗan jazz, kuma a ganina na biyun ne ya wasa masa ido a kan na farkon.

Jazz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans, inda makaɗa kan haɗu a kan waƙa guda, a ba kowa fili ya zuba salonsa nan take, sannan ya koma cikin sahu ba tare da ya ɓata wa sauran tafiya ba. Duk wanda ya daɗe yana sauraron irin wannan kiɗa zai koyi lura da lokaci, ya san inda aka yi gaggawa da inda aka ja, ya kuma gane cewa daɗin abin aikin gayya ne. Da wannan kunnen Ferguson yake shiga gidan sinima. Abin da yake nema shi ne yadda fim yake gudana, da yadda mai ɗaukar hoto da mai tacewa da ɗan wasa suka haɗa hannu har ɗinkin ya ɓace wa mai kallo. Shi ya sa ya yaba wa 'yan wasan fim James Cagney da Fred Astaire, mutanen da motsin jikinsu kansa kiɗa ne, a zamanin da manyan masana suke yi wa fina-finan Hollywood kallon kayan kasuwa.

Wannan ma'aunin ne ya sa bai bi sahun masu kambama fim ɗin Citizen Kane ba lokacin da Orson Welles ya fitar da shi a 1941. Ƙorafinsa shi ne dabarun kyamarar sun cika nuna kansu, kuma surutu ya yi yawa. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin wasu daga cikin dabarun sun yi wa labarin aiki sosai, amma hujjarsa ta fito ne daga abin da ya gani a majigi, saɓanin yawancin sharhin da nake karantawa a kan fina-finan Kannywood, wanda yakan tsaya a kan ko an faɗakar ko ba a faɗakar ba.

Inda nake da ja da shi shi ne ɓangaren kiɗan. Rubuce-rubucensa da suka fi shahara sun karkata ga fararen makaɗa irin su Benny Goodman da Bix Beiderbecke, mai busa ƙahon nan da ya rasu a 1931 yana da shekara 28, alhali masu asalin kiɗan suna nan suna busawa a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York.

Bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamban 1941, Ferguson ya ajiye alƙalami ya shiga aikin jiragen ruwan dakon kaya, kuma a watan Satumban 1943 bam ya faɗa wa jirginsu a gaɓar Salerno ta Italiya, ya rasu yana da shekara 36. Sai a 1971 aka tattara sharhinsa na fina-finai aka buga shi littafi guda.