Furanni a Anfield, tabarma a Gwammaja

Da safiyar Alhamis, 3 ga Yulin 2025, ina cikin bas a hanyar komawa gida daga aikin dare a birnin Liverpool, inda na shekara tara ina zaune, sai ga kiran ƙanena daga Gwammaja. Ba ya kira da irin wannan lokaci, don haka gabana ya faɗi, na ɗauka jikin Umma ne ya tashi. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Yaya, don Allah da gaske ne Jota ya mutu?" Diogo Jota yake nufi, ɗan wasan ƙwallon ƙafa na ƙungiyar Liverpool. Ni da nake cikin garin ban ji ba tukuna, shi da yake Kano ya riga ya san cewa hatsarin mota ne a yankin Zamora na ƙasar Sifaniya, cewa tare da ƙanensa André Silva suka rasu, cewa shekararsa 28, kuma kwana 11 ke nan da ɗaura aurensa da uwar 'ya'yansa uku.

Kwana biyu bayan haka na bi ta Anfield, filin wasan ƙungiyar Liverpool. Abin da na gani ya wuce abin da hoto yake nunawa. Furanni sun rufe ciyawa har ba a ganin ƙasa, ga riguna masu lamba 20, lambar Jota, ga mayafan wuya na magoya baya an ɗaure a jikin shinge, ga takardun da yara suka rubuta da hannunsu, har da abin riƙe wasan kwamfuta wasu suka ajiye saboda an san marigayin da son wannan wasa. A cikin jajayen riguna akwai shuɗaye na Everton, abokan hamayyar da a ranar wasa ko kallon arziki ba ya haɗa su. Mutane ɗaruruwa ne a tsaye, amma ba ka jin komai sai ƙarar ledar furanni idan iska ta kaɗa. Daga baya ƙungiyar ta sanar da cewa babu wanda zai sake sa lamba 20, ko a manya ko a mata ko a yara, kuma magoya baya suka mayar da minti na 20 lokacin rera waƙarsa.

A wannan rana da Jota ya rasu, Peter Rufai ma ya rasu a Legas yana da shekara 61. Shi ne ya tsare wa Najeriya raga lokacin da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya kuma tsare mata a gasar cin kofin duniya ta 1994 da ta 1998. Wata guda da 'yan kwanaki kafin wannan kuma, ranar 31 ga Mayu, motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, bayan sun ci kusan dukkan tafiyar, gida ya rage kaɗan. Mutum fiye da 20 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai. Gari ya girgiza, an yi jana'iza, gwamnatin jiha ta ba da hutun kwana ɗaya domin jimami da addu'a. A watan Agusta na yi wata tambaya a zauren WhatsApp na abokan makarantarmu, waɗanda yawancinsu suna Kano, na ce wa zai kawo mini sunan mutum biyar daga cikin waɗannan bayin Allah. Babu wanda ya iya, kuma ni mai tambayar ban fi su ba. A cikin zauren nan akwai waɗanda har ranar hoton Jota ne a fuskar wayarsu.

Kada a ɗauka ina cikin masu zuwa Turai su dawo suna raina abin gida. A kan mutuwa musamman, zaman nan ya ƙara mini ganin darajar namu ne. Lokacin da 'yar fim Saratu Giɗaɗo, wadda kowa ya sani da Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilun 2024, ana gobe Sallah ƙarama, abin da aka yi mata shi ne abin da za a yi wa mai sayar da ƙosai a bakin layinsu: wanka, likkafani na farin yadi, makara, sahun sallah, kabari. Shekarun da ta yi tana fitowa a matsayin mace mai faɗa da makirci, har wasu suka ɗauka halinta ke nan, ba su ƙara mata taku ɗaya na yadi ba, ba su kuma rage mata ba. A nan Ingila wata abokiyar aikina ta jira mako uku kafin a binne mahaifinta, tana lissafin kuɗin akwati da na mota da na wurin taro, dubban fam, alhali zuciyarta ba ta ko huce ba. A Kano mutum zai rasu da asuba, kafin azahar an kai shi Ɗandolo ko Tarauni, an dawo an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Kuma abin da ake faɗa a kan tabarmar nan ya fi abin da ake rubutawa a jikin furanni amfani ga mamaci, a bisa abin da muka yi imani da shi. Mai zuwa zai durƙusa ya ce, "Ya aka ji da haƙuri?" a amsa masa, a ɗaga hannu a roƙa wa wanda ya tafi gafara, a ce Allah ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan. Tun kafin a ɗauki makara wani daga cikin dangi zai miƙe ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya same su, duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Ban taɓa jin makamancin wannan a wurin binne wani a nan ba. Nasu taron na masu rai ne, su tuna, su yi kuka, su yi dariyar wani abin da ya taɓa yi. Namu na wanda ya mutu ne, ana neman sauke masa nauyi.

Akwai kuma abin da hotunan Anfield ba za su nuna wa mai kallo daga Kano ba. Furannin nan na taurari ne. A benen da nake haya wani tsoho ya rasu shi kaɗai a ɗakinsa, sai da aka kwana huɗu kafin a lura, kuma ranar da aka binne shi mu shida ne a wurin, har da ma'aikatan da aka biya su ɗauki akwatin. A unguwarmu ko almajirin da ba a san garinsu ba ne ya rasu, da an sanar a masallaci sahu zai cika.

To ina matsalar take? Tana farawa ne daga ranar da aka naɗe tabarma. Mun iya rakiya, amma ba mu iya ajiya ba. Kwana uku ana zaman makoki, masu yin sadakar bakwai da ta arba'in su yi, daga nan sai shiru, sai fa idan wani ya ci karo da tsohon hoto ya sa a Facebook a jera masa "Allah ya jiƙan rai". Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, mutumin da ya sa ƙasar Hausa dariya tun daga Kano har Yamai da Agadas, wanda maganganunsa suka shiga bakin mutane har yau ana yin su ba a san daga gare shi suka fito ba. Da na so in nuna wa ɗana ko wane ne shi, abin da na samu guntaye ne a YouTube, an kwafo daga kaset ɗin da ya gaji, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, babu shekara, babu sunan waɗanda suka yi aikin tare da shi. Jarumin fim Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairun 2007 yana kan ganiyarsa, kuma yaron da aka haifa a shekarar ya isa jefa ƙuri'a yanzu ba tare da ya san fuskarsa ba. Kaset-kaset ɗin da suka cika shagunan Ƙofar Wambai da Bata a wancan zamani, zafi da ƙura da gara sun gama da mafi yawan waɗanda na sani a gidajen 'yan uwa.

Wani abin ma ya fi mantuwa ciwo, shi ne abin da waya ta mayar da jana'izar sananne. Ana sallah wasu na ɗaga waya suna neman fuskar jaruman da suka zo. Kafin a rufe kabari an fara yawo da bidiyon ƙarshe da mamaci ya yi, an ɗora masa kiɗa mai sa kuka. Idan 'yar fim ce kuwa, sai a sami waɗanda suka zauna suna yanke hukuncin makomarta kamar an ba su mabuɗi, alhali tarbiyyar da aka yi mana ita ce a ambaci alherin mamaci a kame baki daga sauran. Sau nawa kuma muka ga tsohon ɗan wasa, wanda ya shekara 30 yana nishaɗantar da mu, a kwance a tabarma ana ɗaukarsa bidiyon neman kuɗin magani? Ranar da ya cika sai yabo ya ɓarke daga bakin waɗanda suka wuce bidiyon ba su tsaya ba. Ba a Arewa kaɗai ba ne. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ciki har da ta farko da ta taɓa ci a gasar duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ya ƙare rayuwarsa a 2012 cikin kaɗaici da rashin lafiya.

Na san amsar da za a ba ni, domin Umma ta riga ta ba ni ita da na ba ta labarin Anfield. Ta ce, "Kai dai ka yi masa fatan alheri ka wuce, fure ba ya isa kabari." Gaskiyarta. Ba na neman a tara furanni a Ƙofar Mata, ba na kuma neman a sassaƙa mutum-mutumin kowa irin na Bill Shankly, tsohon mai horar da Liverpool, da ke tsaye a Anfield, wannan ba hanyarmu ba ce. Abin da ya tsaya mini a rai wani bango ne a jikin filin, inda aka rubuta sunayen mutum 97 da suka rasu sanadin turmutsutsun filin wasa na Hillsborough a 1989, kowane suna da shekarun mai shi. Ba taurari ba ne, 'yan kallo ne, akwai yara a cikinsu. Iyalansu sun shafe shekaru fiye da 20 suna fafutuka kafin hukuma ta amince da gaskiyar abin da ya faru, kuma abin da ya riƙe fafutukar shi ne ba a bari sunayen sun narke sun koma adadi ba. Namu na gadar hanyar Zariya tun ba a yi arba'in ba suka koma adadi a bakinmu.

Rubuta suna da tarihin mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu, balle a ce kwaikwayon Turawa ne. Malamanmu sun yi marsiyya ga waɗanda suka riga su, Nana Asma'u ta yi wa 'yan uwanta da mutanen zamaninta, shi ya sa muka san halayen wasunsu har yau. Gidan Malam Aminu Kano na nan Gwammaja, Mambayya, an adana shi a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ɗalibi zai shiga ya ga ɗakinsa da kayansa. A fagen wasa ma muna da namu tsarin: wanda bai taɓa ganin damben Shago ba ya san Shago, saboda Ɗan Anace ya ɗaure sunansa a waƙa. Makaɗi shi ne ma'ajiyar ɗan dambe da ɗan kokawa. Da ƙwallo da fim suka zo, ba su zo da makaɗinsu ba, mu kuma ba mu sa komai a gurbin ba. Chinedu Udoji, ɗan bayan Kano Pillars, ya rasu a hatsarin mota a cikin Kano a Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Na tuna yadda 'yan Sai Masu Gida suka yi jimaminsa ba tare da sun tambayi addininsa ko garinsu ba. Ina so a ce yaron da ya fara zuwa kallo bana yana da inda zai karanta wannan.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗaki ɗaya ya isa, a filin wasa ko a Gidan Ɗan Hausa, da rajista mai ɗauke da suna da unguwa da shekarun da mutum ya yi yana wasa, da kwafin aikinsa mai kyau, da muryar waɗanda suka zauna da shi tun suna da rai. Ƙungiyoyin 'yan fim da na 'yan wasa kuma su riƙe asusun da marayun abokan sana'arsu za su ci gaba da karatu da shi, wanda shi ne sadakar da za ta isa inda fure ba ya isa.

Bayan abin da ya faru a zauren WhatsApp ɗin nan na kira ƙanena na ce, tunda ya iya haddace ranar auren Jota, ya nemo mini mutanenmu da suka rasu a gadar hanyar Zariya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ka kama ni." Ya sayi littafin rubutu mai bango mai kauri a Sabon Gari, ya ware wa kowane mutum shafi biyu: suna, unguwa, wasan da yake yi, da waɗanda ya bari. Sunayen ba su yi masa wuya ba, sauran ne sai an taka an tambaya. Wani tsohon mai horarwa da ya san da yawa daga cikinsu ya ce masa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, kuma ya taho da biro biyu.