Ranar da na koya wa mashayan Amurka gaisuwa

Ni dai tun da uwata ta haife ni ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakina ba. Amma an taɓa rako ni waje daga filin wasa a Amurka, ni da wani mashayi kafaɗa da kafaɗa, ina wari kamar an tsamo ni daga tukunyar burkutu. A cikin farar shadda kuma, ranar Juma'a.

Abokin aikina ne ya ja mini. Mutumin Jamhuriyar Dominika ne, su kuwa a ƙasarsu besbol ta zama kamar ƙwallon ƙafa a wajenmu, yaro na fara tafiya ake miƙa masa sanda. Shekara biyu muna ɗaga kwalaye tare a wani rumbun ajiyar kaya, kullum zancensa ke nan. Ranar sai ya ce matarsa ta fasa zuwa kallo, tikiti ɗaya ya rage. Na ce nawa ne? Ya ce kyauta. Ban ƙara tambayar komai ba. Kayan da na je masallaci da su ne a jikina, har hula, na ce ai kallo ne kawai, ba dambe za mu yi ba.

Ga wanda bai san besbol ba, ga yadda na fahimce ta. Mutum ɗaya zai tsaya a kan ɗan tudu ya jefo wata ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, da gudun da kan kai kilomita 150 a sa'a. Wani na tsaye da kulki yana jiran ya maka ta. A bayansa wani ya tsuguna cikin sulke yana cafkewa. In mai kulki ya kuskure sau uku ya fita. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya zura a guje, ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya taso, a rubuta musu maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su yi musanya, haka har zango tara. Sauran 'yan wasan suna warwatse a fili, kowa da ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya, a tsaye kamar masu jiran mota. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda. Da na ji wannan lissafin na gane abin da ya sa babu mai sauri.

To wannan tsayuwar ita ce uwar fitina. A ƙwallon ƙafa kafin ka gama haɗa zagi ɗan wasan ya yi gaba. A nan kuwa mai gadin bayan fili yana iya minti goma a wuri ɗaya, ya ba 'yan kallo baya, su kuma ga giya a hannu, ga lokaci, ga rashin abin yi.

Tikitinmu na talakawa ne, benci mara majingina can ƙarshen fili, don haka ɗan wasan baƙi da ke gadin wannan ɓangaren bai fi taku goma sha biyar daga gare mu ba. A bayana daidai wani ƙaton Bature ya zauna, wuyansa ja wur, tumbinsa na taɓa ƙeyata duk lokacin da ya sunkuyo. A gefensa ɗansa ne, bai wuce shekara tara ba, da 'yar safar fatarsa yana fatan ƙwallo ta faɗo wajensa.

A zango na farko Mai Tumbi mutumin kirki ne, har gyaɗa ya miƙo mini. A na biyu ya fara kiran ɗan wasan da suna yana jan sunan kamar mai kiran akuya. A na uku ya gaya masa kakarsa ta fi shi gudu. Na yi dariya, don gaskiya ta ba ni dariya. Sai dai duk lokacin da mai talla ya hauro da akwatin giya a wuya, zagin na ƙara hawa mataki ɗaya. Daga wasa ya koma albashi, daga albashi ya koma kamannin fuska. Zuwa zango na huɗu ya ciro waya ya binciko sunan matar mutumin da na mahaifiyarsa, ya shiga ambaton su ɗaya bayan ɗaya da kalmomin da ba zan iya rubutawa ba. Ɗan wasan ko waiwaye bai yi ba, sai dai ya buga safarsa da dunƙulen hannu ya gyara tsayuwa. Na saci kallon yaron. Ya ja hularsa ta rufe masa ido, yana ta murza igiyar safarsa.

Ni ma na san zagin 'yan kallo, ba a Amurka na fara jin sa ba. Amma a filin dambe in ka cika baki daga gefe, ana iya miƙo maka zare a ce bismilla. Shi wannan ya san akwai katanga, ya san mutumin ba zai haura ba, shi ya sa bakinsa ya yi tsawo.

Na raɗa wa ɗan Dominika cewa wannan ai ya wuce gona da iri. Ya yi tsaki ya ce ban ga komai ba. Ya ce ranar 4 ga Yuni 1974 a Cleveland an karya farashin giya, kofi ɗaya senti 10, don a jawo 'yan kallo wasan ƙungiyar garin da ta Texas Rangers. Aka samu 'yan kallon, aka samu abin da ba a nema ba. A zango na tara, ana kunnen doki biyar da biyar, mashaya suka ɓalle cikin fili, har 'yan wasan Cleveland suka fito da kulake suna kare abokan hamayyarsu daga nasu magoya bayan. Alƙalai suka tashi wasan suka ba Texas. Ya ce a 2016 a Toronto wani ya jefi Hyun Soo Kim, ɗan Koriya mai buga wa Baltimore, da gwangwanin giya yana cikin cafke ƙwallo. A 2017 a Boston aka yi wa wani ɗan wasa, Adam Jones, zagin launin fata aka wurga masa ƙunshin gyaɗa. A ɗaya daga cikin wasannin zagayen ƙarshe na gasar 2024 kuwa wasu 'yan kallo biyu suka riƙe hannun ɗan wasa Mookie Betts suka ɓanɓare ƙwallo daga safarsa a gaban idon duniya. Yana ba ni labarin nan yana ɓare gyaɗa kamar mai karanta tarihin sarakuna.

Ana cikin haka aka mako wata ƙwallo sama, ta nufo mu. Ɗan wasan nan da aka yini ana zagi ya zuro a guje, ya daka tsalle a jikin katanga ya cafe ta da hannu ɗaya. Wallahi abin ya burge ni. Na miƙe tsaye na shiga tafi.

Ni kaɗai.

Ashe ya hana 'yan gida maki ne. Bencin ya yi tsit, ɗan Dominika yana jan gefen rigata yana cewa zauna, zauna. Sai na ji hannu mai nauyi a kafaɗata. Na ce shi ke nan, yau ga ranar tsautsayi. Amma Mai Tumbi hulata yake kallo. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya. Ya ce yana son Najeriya, a ina take? Kafin in amsa ya matso da bakinsa kusa da kunnena, warin ya kusa kayar da ni, ya ce: "Abokina, na ƙarar da duk zagin da na sani. Ba ni mafi muni a yarenku, wanda zai hana shi barci."

A nan ne shaiɗanin wayo ya hau kaina. Na dubi yaron, na dubi uban, na yi fuskar mai tona asiri. Na ce akwai wani, amma a garinmu in ka faɗe shi sai an zubar da jini. Idonsa ya yi haske. Na ce: "Sannu da ƙoƙari."

Sau huɗu na maimaita masa kafin harshensa ya kama. Ya miƙe, ya haɗa tafukansa a baki, ya kwarara: "Saanuu daaa kokariii!" Na kusa da shi suka tambaye shi me yake nufi, ya ce zagin Afirka ne mai zubar da jini. Kafin a fitar da mutum biyu, layi uku na bencinmu sun ɗauka, har da tafi a ƙarshe, sannu da ƙoƙari, raf raf raf. Mahaifiyar ɗan wasa ta huta, matarsa ta huta. Na zauna na harɗe ƙafa ina jin kaina kamar wanda ya sasanta garuruwa biyu.

Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma Mai Tumbi ya dawo ya ce a ƙara masa wani, ni kuma daɗin nasara ya ɗebe ni, na ba shi "Ina gajiya". Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne bakin Bahaushe. Mutum talatin suka haɗa murya suka ce "Inaa gajiyaa!", sai kawai na ji kaina na amsa da ƙarfi: "Ba gajiya!" Suka sake, na sake amsawa. Na yi ƙoƙarin kame bakina, ina! A gaishe ka ka yi shiru? Ga duk mai kallo daga nesa, ga wani mai doguwar farar riga a tsakiyar mashaya, suna bayarwa yana karɓa. Na zama sarkin roƙonsu.

A tsakiyar zango na bakwai kowa ya miƙe ana miƙa ana rera wata waƙa, al'adarsu ce. Na ɗauka an tashi, har na fara neman hanyar fita in je in yi magariba. Ɗan Dominika ya ce saura, ya ƙara da cewa a filaye da yawa daga ƙarshen wannan zangon ake rufe sayar da giya, wai don mutane su wartsake kafin su kama sitiyari. Dabara ce mai kyau a takarda. A aikace, Mai Tumbi ya tafi ya dawo da kofi biyu cike fal, ɗaya a kowane hannu, don kada fari ya same shi.

Da zangon ya ƙare, ɗan wasan ya cafe ƙwallon ƙarshe, ya juyo ya fuskance mu a karon farko. Ya duba, ya duba, sai ya lilo ƙwallon a hankali zuwa ga yaron nan, ɗan mutumin da ya zagi uwarsa. Yaron ya ɗaga safa. Uban kuwa ya ga abin duniya na tahowa, ya manta hannuwansa ba a sake suke ba, ya kai cafka da kofi biyu.

Yaron ya samu ƙwallonsa. Ni na samu sauran. Daga hula har aljihu, sanyi ya bi ƙashin bayana ya gangara, kumfa na zaune a kan aikin wuyan rigata. Mai Tumbi ya dubi kofunansa babu komai, ransa ya ɓaci, ya wurga ɗaya cikin fili.

Jifa cikin fili kuwa ba a yafe ta. Nan da nan masu gadi biyu suka hauro. Ashe tun tuni wata mata ta aika saƙo ta lambar da ake nunawa a babban allo, wai akwai mai farar riga yana koya wa mutane zagi da baƙon yare. Babban cikinsu ya ce in gaya masa ma'anar abin da ake rerawa. Na ce gaisuwa ce, ana yaba wa mutum ne kan himmarsa, ɗayar kuma tambayar lafiyar jiki ce bayan aiki. Ya dube ni, ya shaƙi iska, ya dubi rigata. Na ce ban sha ba. Mai Tumbi ma ya ce bai sha ba. Ban taɓa jin gaskiya ta yi arha irin ta ranar ba.

Allah ya taimake ni mai gadin ya sa na rubuta masa kalmomin a wayarsa, ta fassara. Ya karanta, kafaɗunsa suka fara rawa, ya juya wa Mai Tumbi wayar. Mutumin ya karanta sau biyu yana motsa leɓe. Jan wuyansa ya hauro har goshi.

"Kana nufin awa guda ina gaishe shi?"

Labari ya bazu a benci. Waɗanda ɗazu nake wa amshi suka juyo kaina, aka fara yi mini ihu, wani ya jefo ɓawon gyaɗa. Mai gadin ya ce ba ni da laifi, amma don lafiyata gara in bi su. Na waiwaya neman ɗan Dominika, na same shi ya zuba wa fili ido kamar bai taɓa gani na ba. Haka muka sauko, mai gadi a gaba, ni da Mai Tumbi a tsakiya, yaron a baya ya rungume ƙwallonsa da hannu biyu, shi kaɗai ne mai murmushi.

A jirgin ƙasa mutane suka bar mini kujera uku. Tasha biyu kafin tawa wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sahu ɗaya a masallaci ya shigo. Ya miƙo hannu da fara'a, sai hancinsa ya riga shi isowa. Na ce Baba, wallahi zuba mini aka yi. Ya ce, "Haka ne, ɗana, haka ne. Allah ya shirye mu baki ɗaya." Ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Uwargida ce ta buɗe mini ƙofa. Ta ja da baya taku biyu ta toshe hanci da gefen mayafi. Na tsaya a bakin ƙofa na kwashe labari tun daga tikiti har dattijo, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga ciki ta ɗauko leda ta miƙo mini daga nesa, ta ce in tuɓe rigar a nan in saka a ciki, kuma ba ita za ta wanke ba. Na ce to, amma ai kin yarda da ni ko?

Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji ta.